Takardar da Na Ninke Huɗu

A zuriyarmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba kuma ya zama su yi doguwar hira. Haka mahaifina ya yi da yayana, haka ni ma na yi da 'yata ta fari. Ana yaye ta ƙanwata ta zo daga wani ƙauye da ke bayan Challawa ta goya ta ta tafi da ita. A can ta girma, a can aka yi mata aure. In ta zo gaishe mu, tun daga bakin ƙofa take durƙusawa ta ce, "Baba, ina kwananku?" Ni kuma in amsa ina kallon wani wajen. In zan yi maganarta da Hajiya, mahaifiyarta, sai in ce "yarinyar nan ta Challawa". Ba ƙiyayya ba ce. Duk cikin 'ya'yana babu wadda nake jin ta a raina kamarta. Kunya ce, kuma a lokacin ado nake ganinta.

Fiye da shekara talatin na yi ina aiki a wata masaƙa a Bompai. Da sharar ƙarƙashin inji na fara, na ƙare ina mai gyaransa. Da aka sayo sababbin injina aka tura ni Jamus koyon aikinsu, daga baya Indiya. Na yi zaman aiki a Maraɗi da Abijan da Kartum. A hanya na tsinci Turanci da Faransanci da Larabcin kasuwa, da Jamusancin da zai ishe ni faɗa da injiniya. Saboda haka duk baƙon da ya zo masaƙa ni ake kira in yi tafinta. Abin da nake taƙama da shi kuwa shi ne ba na rage magana. In Bajamushe ya ce wanda ya sa hannu a nan zai rasa hannunsa, haka nake faɗa wa ma'aikata, ba na cewa "a yi hankali". Ranar da aka zo sallamar mutane, manaja ya so in lulluɓe maganar, na ce masa sai dai ya nemi wani bakin.

A Jamus na fara jin labarin gwajin bakin mahaifa. A gidan wata mata nake haya, muna karin kumallo tare da ita da mijinta da tsohon mahaifinta. Wata safiya ta buɗe wasiƙa a kan tebur, ta ce ranar Talata za ta je a duba mata bakin mahaifa, ta ci gaba da shafa man shanu a burodi. Tsohon ya ce ta sayo masa taba a hanya. Ni kuwa saura kaɗan in ƙware da shayi. Na ce a raina, waɗannan mutane an cire musu kunya tun a ciki. A Indiya da Kartum na ga irin namu: mata su shiga asibiti a rukuni, maza su tsaya a gindin bishiya suna zancen wani abu daban. Wannan ya fi kwanta mini, na dawo gida ina ganin mu ne a kan daidai.

Na riga na yi ritaya lokacin da abin ya faru. 'Yar tawa ta kusa shekara arba'in, da 'ya'ya biyar. Mijinta yana aiki a wata majema a Challawa, ita kuma tana shirya biskit a kwali a wani kamfani a Sharada. Kullum sai ta hau adaidaita sahu biyu kafin ta isa get ɗin kamfanin. Wata rana ma'aikatan lafiya suka je kamfanin suka tara mata. Kowace aka ba ta tsinke mai auduga a kai da 'yar kwalba, ta shiga bayan labule ta ɗauki abin gwajin da hannunta, ta jefa a kwalbar ta miƙa. Ba wanda ya buɗe wa kowa jiki, shi ya sa da yawansu suka yarda. Bayan 'yan makonni aka dawo da sakamako, ana ba kowace nata ana yi mata bayani. Ranar ita aikin yamma gare ta, sai wata abokiyar aikinta ta karɓar mata ambulan ɗin a rufe. Ta buɗe, ta ga Turancin asibiti ne. Karatunta bai yi nisa ba, don a ƙauye ta tashi. Ƙannenta sun yi boko, amma yaya ba ta kai wa ƙanne irin wannan. Sai ta kai wa gwaggonta.

Ƙanwar tawa ta iso da hantsi ina zaune a tsakar gida ina warware wata tsohuwar rediyo.

"Kai mai yarukan duniya," ta ce, "yau ga aiki ya same ka. Ko duk cika bakin na bature ne?"

"Ke dai ba kya zuwa sai da rigima. Ko gaisuwa babu?"

"Gaisuwa ta biyo baya. 'Yarka ce aka ba wa wannan a wajen aiki. Ta ce in kai wa wanda ya iya, na ce ai ubanki har da aljanu yana magana."

Hajiya na jin an ce "'yarka" ta tashi ta shige kicin, don kunyarta a kan yarinyar ta ninka tawa. Na sa tabarau na buɗe.

Takardar ba ta da tsawo. A sama akwai sunan da ban taɓa furtawa ba, da wata lamba. Sai sunan ƙwayar cutar da aka nema, HPV, sai layi uku. Nau'i na sha shida: an samu. Nau'i na sha takwas: ba a samu ba. Sauran nau'o'i masu haɗari: ba a samu ba. A ƙasa an rubuta cewa mai wannan takarda ta zo asibiti da ita ba da jinkiri ba, a duba bakin mahaifarta. A baya kuma akwai ɗan bayani: cewa ta hanyar saduwa ake ɗaukar ƙwayar, cewa yawancin mutane suna haɗuwa da ita a rayuwarsu kuma sau da yawa jiki yana kawar da ita da kansa, cewa samunta ba ya nufin mace tana da sankara, ba kuma ya nufin wani ya ci amanar wani. Amma nau'i na sha shida yana cikin waɗanda in suka zauna suke jawo sankarar bakin mahaifa.

Na fahimci kowace kalma. Ba zan fake da cewa Turancin ya fi ƙarfina ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne kalmomin da zan faɗa da Hausa, a kan 'yata ta fari, a gaban ƙanwata, Hajiya tana jiyo mu daga kicin. Sai kuma wani tunani ya zo. In takardar ta koma Challawa, mijin zai iya ɗauka ya kai wa wani akawu a majema ya karanta masa. Akawun zai ga "ta hanyar saduwa", kuma wa ya san ko zai tsaya ya karanta layin da ke biye? Na ga aure ya mutu a kan abin da bai kai wannan ba. Idona ya koma kan inda aka ce jiki yana kawar da ita da kansa, na riƙe wannan layin da hannu biyu.

"To?" in ji ƙanwata. "Ko yaren ya ƙare?"

"Ba abin da za a yi a tsaye ba ne," na ce. "Bar ta a nan, zan aiko da bayani."

Na ninke takardar huɗu, na kai ɗaki na sa a jakar fatar da nake ajiye tsofaffin fasfona.

Da yamma na ce wa Hajiya, "A gaya wa yarinyar nan ta koma asibiti su duba ta." Ban ce me za a duba ba, ita ma ba ta tambaya ba. Sai bayan shekaru na bi sawun maganar na ji yadda ta isa. Hajiya ta kira ƙanwata a waya ta ce, "Malam ya ce in ta sami sarari ta leƙa asibiti." Ƙanwata kuma ta ce wa yarinyar, "Ubanki ya gani, ba abin tashin hankali ba ne. In kin ji wani ciwo kya je." Babu wadda ta yi ƙarya da gangan. Kowace ta sassauta abin da ta karɓa kaɗan, don ni na fara miƙa shi a sassauce. Ita kuwa ba ta jin ciwon komai, domin wannan abu a farkonsa ba ya ciwo. Ta taɓa tunanin zuwa, sai ta tuna ma'aikatan sun ce a zo da takarda. Takardar tana wajena, kuma 'yar fari ba ta aika wa ubanta ya ba ta irin wannan.

Ni ma ban manta ba. Duk sallar da ta zo gaisuwa nakan saci kallonta, in ga ta yi ƙiba, tana dariya da ƙannenta, in ce alhamdu lillahi, jikin ya kawar da ita. Sau ɗaya na tambayi Hajiya ko yarinyar nan ta je inda aka ce, ta ce tana jin ta je. Na karɓi wannan amsa da sauri, ban ƙara tambaya ba.

Shekara biyar aka yi haka. Daga baya na ji cewa ta daɗe tana ganin jini ba a lokacinsa ba, tana ɓoyewa, tana shan jiƙe-jiƙen maganin sanyi da mata ke ba juna a wajen aiki. Wata rana ta yanke jiki ta faɗi a gaban bel ɗin da ke kawo biskit. Aka kai ta wani babban asibiti a cikin gari. Kwana biyu bayan haka mijin ya zo ya durƙusa a gabana, hannuwansa duk sun rine da maganin jima.

"Baba, ku zo ku ji abin da likitoci ke faɗa. Rabin maganar Turanci ce, ni ba na kamawa."

Likitar matashiya ce, ba ta wuce sa'ar autata ba. Ta ce sankarar bakin mahaifa ce, kuma ta yi nisa. Ta tambayi mijin ko an taɓa yi wa matarsa gwaji. Ya ce shi dai bai sani ba. Ina zaune a gefensa, na bar amsar ta wuce a haka. Washegari na buɗe jakar fasfo, na koma ni kaɗai, na ajiye takardar a kan teburinta. Ta warware ninkin, ta karanta, ta dubi kwanan watan.

"A ina take duk wannan lokacin, Baba?"

"A wajena."

Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Na tambaye ta me za a yi da an zo a lokacin. Ta ce ba za ta iya rantse mini ba, rai na Allah ne. Amma yadda aka saba, da an shafa wani ruwa a wurin an duba, in an ga inda ya fara canzawa a ƙona shi da wani ɗan ƙarfe mai zafi na 'yan mintoci, ta hau adaidaita ta koma gida a ranar.

Sai na yi wata tambaya da nake jin kunyarta har yau. Na ce ko na'urar da ta yi gwajin tana kuskure? So nake a ce mini takardar ba ta da alaƙa da ciwon. Likitar ta gane. Ta ce tun da na ce ni mai gyaran inji ne, in zo in ga irinta. Ta kai ni ɗakin gwaje-gwaje, muka tsaya a bayan gilashi, wata ma'aikaciya ta yi mini bayani. Na'urar ta fi babban firji girma. Ana jera kwalaben a cikin tire, kowace da tambarin baƙaƙen layuka a jikinta, na'urar ta karanta ta san ta wace ce. Wani hannu na ƙarfe yana zuƙar ɗigo daga kowace, yana canza baki kafin ya taɓa ta gaba. A ciki ake fitar da alamar halittar ƙwayar, a yi ta ninka ta har ta kai yadda za a gane ta, sannan na'urar ta faɗi ko akwai, kuma wane nau'i ne. A kowane zagaye ana sa kwalbar da aka san tana da ƙwayar da wadda aka san babu, in na'urar ta kuskure su a zubar da aikin duka a sake.

Na tsaya ina saurarenta. Wanda ya yi shekaru a cikin injina yana gane lafiyayye daga sautinsa, kuma wannan lafiyarta ƙalau. A masaƙa mun san zare yana bi ta hannu da yawa kafin ya zama yadi, in ya tsinke kuma akan bi baya a ga a ina. Na bi baya. Yarinyar ta yi nata, ta shiga bayan labule duk da kunya. Masu kwalba sun yi nasu. Na'urar ta faɗi gaskiya har da lamba. A hannun tafinta zaren ya tsinke.

An yi mata gashi da na'ura, an yi mata ƙarin ruwan magani mai zubar da gashin kai. Ta ɗan farfaɗo wata uku, sannan ciwon ya dawo ta baya da ƙafa. Daga ƙarshe aka ce a kai ta gida a riƙa ba ta maganin rage zafi.

Kafin in je wajenta sai da na sami mijin. Na tare shi a bakin majema lokacin tashi daga aikin safe, muka koma gefe inda warin fata bai yi yawa ba, na gaya masa komai, har da dalilin da ya sa na ɓoye.

"Baba, da kun gaya mini, ni zan kai ta. Shekara ashirin muna tare, takarda ce za ta sa in zarge ta?" Ya share fuska da hularsa. "Ni ma akwai nawa. Ashe lambata ta ba masu gwajin. A lokacin wata baƙuwar lamba ta yi ta kirana, wayar tana ajiye a get muna ciki. In na fito in gani in ce 'yan damfara ne."

Ya so ya raba nauyin da ni. Na gode masa, amma na san nawa ya fi.

Tun da aka kai ta gidan mijinta tana amarya ban taɓa wuce zaure ba. Ranar, bayan la'asar, na yi sallama na ɗaga labulen ɗakinta. Ƙanwata tana zaune a bakin gado tana yi mata fifita, ta zaro ido.

"Yau kuma wace rana? Ka yi ɓatan kai ne?"

"Matsa mini," na ce.

Yarinyar ta yunƙura za ta sauko ƙasa ta gaishe ni. Na ce ta kwanta. Ta ja mayafi ta rufe kanta, ta juya fuska bango. Ta rame har na ga ƙashin kafaɗarta ta cikin riga. Na zauna a kan kujerar roba, na fito da takardar, na kira sunanta. Ban taɓa jin sa a bakina ba, ita ma haka. Ta juyo.

Na ce, "Akwai saƙonki da ya daɗe a wajena. Zan karanta miki yadda aka rubuta shi."

Na karanta mata da Hausa, layi bayan layi, gaba da baya, yadda nake yi wa ma'aikata a Bompai. Na faɗi bakin mahaifa, na faɗi saduwa, na faɗi sankara, na faɗi "ba da jinkiri ba". Ƙanwata ta saki mafici ta rufe baki da hannu. Da na gama na gaya mata inda takardar ta kwana shekara biyar, da abin da likita ta ce da an yi. Na ce ta yafe mini.

Ta dubi takardar da ke hannuna. Can ta ce, "Ashe maganar ba ta da tsawo, Baba."

"Ba ta da tsawo."

"Ni na zaci wani dogon abu ne da ba a faɗa." Ta ɗan yi murmushi. "Sau biyu na zo da niyyar in tambaye ku ita. Ina durƙusawa sai bakina ya mutu." Ta numfasa. "Na yafe muku duniya da lahira. Kwana ne ya ƙare. Amma ƙannena, ku gaya musu. Kada ku aika Gwaggo."

"Ji 'yar nema," in ji ƙanwata tana kuka tana dariya. "Ni ce ma ba a yarda da ni ba yanzu?"

"Ke kya rage, Gwaggo. Baba ne ba ya ragewa, haka ake faɗa."

Na zauna har aka kira magariba. Ta tambaye ni Jamus, wai da gaske ne ruwa yana daskarewa a kan titi. Ta ce tun tana yarinya take son ta tambaya. Na ba ta labarin matar da nake haya a gidanta, da wasiƙar, da tsohon da ya ce a sayo masa taba. Ta yi dariya har ciwon ya tsayar da ita. Wannan ce hirarmu ta farko. Mun samu mun yi wasu huɗu kafin ta rasu, ranar wata Laraba da hantsi.

Bayan an share makoki na sa aka kira mini ƙannenta mata uku, da matan 'ya'yana biyu. Suka zauna a tabarma a tsakar gida suna kallon juna, sun zaci maganar gado ce. Na fito da takardar. Ninkin ya fara yagewa, sai da na tallafe ta da tafin hannu. Ina fara karantawa kowace ta sunkuyar da kai, autar ta ja hijabi ta rufe fuska. Hajiya ta tashi ta shige kicin kamar yadda ta yi a wancan karon. Ban tsaya ba. Na gaya musu sunan ƙwayar, da yadda ake ɗaukarta, da yadda ake gwajin da tsinken auduga, na ce ranar Litinin ni zan raka su, kuma kowace takarda ta fito a gabanta za a karanta, da mijinta in tana so.

Na kai wajen nau'i na sha shida. Da na ɗago in nemi ruwa, sai na ga Hajiya ta dawo tana tsaye a ƙofar kicin, da ludayi a hannunta.

"Malam," ta ce, "koma baya kaɗan. Ban ji farkon ba."

Na koma daga sunan.